Gorar Ukasha da Tafiya Bakin Teku

Duk wanda ya san Gidan Sada, ƙauyen nan da ke gefen fadama idan ka bar Furana za ka Ikara, ya san Ukasha, in bai san shi ba to ya san gorarsa. Gora ce mai kai kamar dunƙulen hannu, an naɗe wuyanta da jar fata, man shanu ya jiƙa ta har ta yi baƙi. Ya raɗa mata suna Sulhu. In ka ji an ce Sulhu ta je wuri, sai ka tambayi wanda aka kai wa maɗori.

Uwarsa ta rasu bai daɗe da yaye ba. Ƙanwar ubansa, Gwaggo Talatu, ita ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Lado, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Lado ya tashi siriri, baki kamar rediyo, ba ya iya wuce akuya bai tsokane ta ba. Ukasha kuwa ya tashi ƙato, maganarsa a yini ba ta cika ludayi. Taubasai ne, don haka duk abin da Lado ya ga dama yana faɗa masa, kuma duk garin shi kaɗai ke da wannan lasisi. Shi ya sa masa Kwamandan Gwaggo, tun kafin Ukasha ya zama kwamandan kowa.

Ukasha ya yi dambe yana saurayi, kaka huɗu ba a kai shi ƙasa ba. Ya yi lodin rake a Makarfi, ya yi ɗibar tumatir a Kudan, inda ya zubar wa wani dillali haƙora biyu saboda ya taka masa kwando da gangan. Ya dawo gida ya yi aure ya kama noma. Sai shekarar da ɓarayi suka shigo da tsakar rana suka kore shanun huɗar ubansa. Tsohon ya riƙe igiya ya ƙi saki, suka sare shi a kafaɗa, ya yi kwana tara yana jinya ya cika. Ran sadakar uku Ukasha ya sari gora, ya tara maza ashirin da biyar, aka kafa sintiri. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ni dai ban taɓa son mutumin da hannunsa ke riga bakinsa ba. Amma a faɗi gaskiya, tun da ya riƙe sintirin nan mata ke barin awaki a bakin rafi su dawo su tarar da su. Kuma yana da magana ɗaya da yake ji da ita fiye da gonarsa, fiye da sunansa. Yakan ɗaga gorar ya ce, "Sulhu ba ta taɓa sauka a kan marar laifi ba. Ranar da ta sauka, ranar na gama." Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a gaban hakimi, ya faɗa wa 'ya'yansa har sun haddace.

Maganar teku kuwa Alhaji Zulkifilu ne ya kawo ta. Ɗan garin ne, yana sayar da mazarƙwaila da tumatir a Legas. A daminar da ta wuce masu satar mutane sun zo ɗaukar mahaifiyarsa, 'yan sintiri suka tare su a bakin gada, aka yi ta sara har mutum biyu na Ukasha suka kwanta asibiti, tsohuwa dai ba a taɓa ta ba. Da Alhaji ya zo godiya sai ya ce ba zai raba musu buhun shinkafa kamar 'yan siyasa ba. Zai kwashe su ya kai su wani otal a bakin teku, bayan Legas, kwana biyar, su ci su sha su kwanta, wani ya yi musu gadi su ma su ji yadda ake ji.

Aka sa tafiya bayan an gama matsar rake, kafin ruwa ya sauka. 'Yar Alhaji, Lubna, ita ce ta riƙe shirin daga can, kullum bayan la'asar ta bugo waya, a taru a zauren Ukasha a buɗe murya. Ta turo hotuna, waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har gilashin ya yi maiƙo. Ga ɗakuna masu bangon gilashi, kana kwance kana kallon ruwa ba iyaka. Ga farin yashi da itatuwan kwakwa. Ga wani tafki da aka gina shuɗi shar a tsakar gida, duk da ga teku nan a bakin ƙofa, abin da Hamisu, mataimakin Ukasha, ya ce ɓarna ce tsagwaronta. Ga tebur mai tsawon kunya biyu ta gona, an jera abinci, wai ka ɗiba da kanka ba mai kallon hannunka.

Tambayoyi kuwa Lubna ta sha su. Wa ke yanka naman? Ina alƙibla? Ruwan gishiri yana alwala? Akwai tuwo, ko kwana biyar mutum zai yi yana cin ganye da ƙwarin ruwa? Ta ce an yi magana da mai dafa abinci, za a yi tuwo da miyar kuka in sun taho da kukarsu da daddawa. Aka rubuta kuka, aka rubuta daddawa, aka rubuta yaji. Aka yi kwana biyu ana rigimar wa zai kwana da wa, don ɗaki mutum bibiyu ne, kuma kowa ya san masu minshari. Aka zaɓi shadda ruwan toka ta anko. Ta ce akwai yawo a jirgin ruwa rana ta uku, mutum shida suka ce su a bar su a tudu su riƙa yi wa sauran addu'a.

Lado ba ɗan sintiri ba ne. Shi mai dafa mazarƙwaila ne, kuma daga Gidan Sada har Janfalan ba wanda ya kai shi sanin lokacin da ruwan rake ya nuna. Zai tsoma doguwar muciya ya ɗaga, ya murza ɗigon tsakanin yatsu, ya ce a sauke, kuma bai taɓa ƙonawa ba. Ukasha ne da kansa ya roƙi Alhaji a sa shi, ya ce ba zai ga teku ba tare da wanda suka ci akushi ɗaya ba. Lubna ta rubuta su ɗaki ɗaya. Lado ya ce shi dai a ba shi gadon da ke kusa da ƙofa, don in Kwamandan Gwaggo ya yi mafarkin ɓarawo ya samu hanyar gudu.

Ukasha ya yi murna, murna irin wadda bai yi ba tun aurensa. Matarsa Suwaiba ta kama shi sau biyu yana kallon hoton ruwan shi kaɗai. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Maza goma sha takwas za su bar gari, bakwai za su rage, ga shanun huɗa an ciyar da su sun yi ɓul-ɓul ana jiran damina. Ran da aka tsayar da Asabar, sai ya rufe ƙofar zaure ya ce kowa ya saurara. Ba wanda zai faɗi rana. Ba mata, ba suruki, ba aboki. Kuma ba sallama.

 A Gidan Sada mutum ba ya kwana Zariya bai bi gida-gida ya yi sallama ba, ya durƙusa gaban manya, ya nemi gafarar wanda ya taɓa ɓata wa, in ma ya taɓa dukan wani ya miƙa bayansa ya ce a rama. Haka aka taso aka gani.

Hamisu ya ce, "Kwamanda, ruwa fa za mu. In mutum ya nutse da haƙƙin wani a wuyansa fa?"

 Ukasha ya ɗaga Sulhu ya sauke a kan butar ƙarfen da ke tsakiyar zaure, buta ta lotse, ruwa ya fantsama har fuskar Hamisu. Ya ce, "Wanda ya faɗa, haka kansa zai yi." Aka watse.

To, ga inda ɗan Adam yake ba ni haushi. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Ukasha ya wuce gidan Gwaggo Talatu. A ransa wannan ba faɗa wa mutane ba ne. Gwaggo ai ba mutane ba ce, Gwaggo ce. Yaya za a yi ya tsallaka Kwara, ya je inda ƙasa ta ƙare, matar da ta goya shi ba ta sa masa albarka ba? Ya same ta a gindin danga tana ɓarar gyaɗa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Gwaggo ta haura tamanin, kunne ya tafi. Ya ce a hankali, "Gwaggo, tafiya za mu yi."

"Wa ya mutu?"

Ya ɗaga murya. "Tafiya! Bakin teku! Legas!"

"Yaushe?"

"Asabar."

"Talata?"

"Asabar, Gwaggo! Asabar mai zuwa, da asuba!"

"Kai da wa?"

"Mu goma sha takwas! Duk 'yan sintiri, bakwai kawai za a bari!"

Muryar da ke tsayar da ɓarawo daga tsallaken fadama, ita ya sake a gindin dangar kara. Bayan dangar kuwa rumfar cajin waya ce, inda baƙi masu wucewa kan zauna su jira batir. Kullum janareta na ruri a wurin ba ka jin maganar na kusa da kai, amma ran nan mai ya ƙare. Gwaggo ta tofa masa addu'a a ka, ta ba shi gyaɗa cikin leda. Ya fito zuciyarsa fes, ko waiwayar rumfar bai yi ba.

Ran kasuwar Makarfi ya kai ragowar rakensa. Yana cikin sauke kaya wani ɗan dako da bai taɓa gani ba ya daki kafaɗarsa ya ce, "Manya masu teku! Asabar ko? Allah ya kai lafiya." Ukasha ya shaƙe masa wuyan riga ya tambaye shi wa ya faɗa masa. Mutumin ya ce wallahi a bakin mai shayi ya ji, kowa ma ya sani. Ya sake shi, ya hau babur, rake ko kallonsa bai sake yi ba.

Tun a hanya ya yanke hukunci. Wa ke da baki a garin nan? Wa ya sayo baƙin tabarau da gajeren wando mai hoton kifi yana nuna wa mutane? Bai tsaya gida ba, ya ɗauki Sulhu ya nufi fadama.

Ranar ce dafuwar ƙarshe ta shekara. Injin matsa na ta ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, mutane sun kai ashirin a wurin. Lado na tsaye a kan babban kasko da muciya, tabarau a goshi. Ukasha ya tsaya gabansa ya ce, "Kai ka faɗi ranar?"

Lado ya dube shi, ya dubi mutanen da suka yi cirko-cirko. Wani abu ya gifta a fuskarsa, sai ya mayar da shi dariya, irin tasa ta kullum. Ya ce, "Ni ne mana. Har sanarwa na kai gidan rediyo. Bari in sauke kaskon nan, Kwamandan Gwaggo, in ja ka gefe in..."

Bai ƙarasa ba. Saukar Sulhu ta farko ta same shi a haƙarƙari, ya naɗe. Ta biyu ta fasa tabarau, jini ya wanke masa ido. Ya kai hannun dama ya dafa bakin murhu don kada ya faɗa cikin kasko, nan ta uku ta sauka, a kan hannun, tsakanin gora da dutse. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ta fi ta injin. Ukasha bai tsaya ba. Ya ƙara a wurin, ya sake ƙarawa, sai da Hamisu da mutum uku suka rungume shi ta baya suka kai shi ƙasa. Lado bai yi ihu ba, ya zauna cikin toka yana kallon hannunsa, yatsu sun juya inda yatsu ba sa juyawa. Kasko ya ƙone ƙurmus, warin ya kai har cikin gari.

Ukasha ya tashi ya karkaɗe riga ya ce, "Ya amsa da bakinsa. Kun ji shi."  Zuciyarsa na ciwo, don yana son Lado, amma ko kaɗan bai yi shakka ba.

Da yamma ya kira Lubna ya ce a ɗaga tafiya da mako guda, kada ta tambayi dalili, amma motar ta zo ran Asabar ɗin nan yadda aka shirya. Motar ta zo, doguwa fara mai labule. Aka yi ta hayaniyar lodi a bakin masallaci, aka ja labule, ta tashi ba kowa ciki sai direba. Maza goma sha takwas kuwa suna kwance cikin rumbuna da bayan tarin kara, kusa da turken shanu.

Rana ta ɗaga sosai kafin ɓarayin su zo. Babur shida, bibiyu, da adduna da bindiga ɗaya ƙirar gida. Suka shigo ba ko sauri, kamar masu zuwa ɗaukar kayansu. Na gaba ya sauka ya sa wuƙa zai yanke igiyar bijimi, Ukasha ya fito daga bayan kara ya sauke masa Sulhu a ƙeya, ya faɗi bai motsa ba. Sai gari ya kaure. Mai bindiga ya harba, harsashi ya yage wa Hamisu kunne, kafin ya sake ɗurawa an sare masa hannu. Shanu suka tsinke suka tattake babura. Mata na jifa da taɓare ta saman katanga. Wani ya kai wa Ukasha sara a cinya, ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi, ya juya ya karya masa gwiwa da duka ɗaya. Kafin a sha ruwa an gama. Bakwai suka tsere ta fadama, biyar na ƙasa, jini ya cakuɗe da kashin shanu.

Wanda aka karya wa gwiwa shi ke da sauran baki. Ukasha ya sa a jingina shi da turke kafin 'yan sanda su iso. Mutane suka kewaye. So yake gari ya ji da kunnensa, don ya ga yadda ake kallonsa tun ranar fadama. Ya ɗora kan gorar a kan karyayyar gwiwar ya danna, ya ce, "Faɗa musu. Wani siriri ne mai surutu ya sayar muku da ranar, ko ba haka ba?"

Ɓarawon ya yi ƙara, ya ce, "Wallahi ba wanda ya sayar mana! Caji na kawo a rumfar can. Wani ƙato ne ke yi wa wata tsohuwa ihu a bayan danga. Asabar, Gwaggo! Mu goma sha takwas! Bakwai kawai za a bari! Har sau biyu ya faɗa."

Ba wanda ya dubi Ukasha. Wannan ya fi masa ciwo da a ce sun dube shi. Hamisu, riƙe da kunnensa, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ukasha ya ɗauke gorar daga gwiwar mutumin a hankali. Cinyarsa na zubar da jini har cikin takalmi, bai sani ba sai da Suwaiba ta zo ta ja shi.

Kwana shida bai fita ba. Ya aika wa Hamisu cewa an janye doka, kowa ya je ya yi sallamarsa yadda aka saba. Labarin da ke shigo masa ɗaya ne: maɗori ya yi iya yinsa, an kuma kai Lado asibiti a Zariya, an ce hannun zai zauna amma yatsun ba za su sake damƙa ba. Ba muciya, ba fartanya, ko loma sai da hagu. Lubna ta bugo tana tambaya ko a bar sunan Lado a ɗakin, Ukasha ya kashe wayar.

Ran Juma'a bayan an sauko, ya ɗauki Sulhu ya tafi gidan Gwaggo yana ɗingishi. Lado na zaune a inuwar ɗaki, hannu a naɗe cikin karare da tsumma, an rataye a wuya. Ya rame, gefen idonsa da ɗinki. Gwaggo na can gindin dangarta.

Ukasha ya tuɓe riga. Ya durƙusa, ya ajiye gorar a gaban Lado, ya juya masa baya. Ya ce, "Ni ne na faɗa. Ban sani ba sai ran Asabar."

Lado ya ce, "Ni na sani tun ranar. Ina cikin ɗakin nan kana ihu."

Ukasha ya juyo. "Ka sani? Me ya hana ka faɗa?"

"A gaban mutum ashirin? In ce Kwamanda ne ya karya dokarsa? Cewa na yi bari in ja ka gefe."

Ukasha ya ji abin da bai taɓa ji ba a dambe ko a gaban adda, ya ji tsoro. Ya tura gorar da hannu biyu har ta taɓa ƙafar Lado. Ya ce, "Don Allah ka rama. Inda ka ga dama, ko nawa ka ga dama. Ka karya nawa. Ba zan iya shiga mota da wannan ba."

Lado ya daɗe yana kallon gorar. Babu dariya a fuskarsa, kuma wannan ne karo na farko da Ukasha ya ga fuskar haka tun suna yara. Ya ɗan ɗaga naɗaɗɗen hannun ya ce, "Da wane hannu, Ukasha?"

Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai ran nan.

Gwaggo ta hango su, ɗaya a durƙushe ba riga, ɗaya a zaune. Ta ga sallama ce irin ta kullum, ta ji daɗi. Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru a fadama, Lado ya hana, shi ya faɗa mata abin da ya ga dama. Ta ɗaga murya irin ta kurame ta ce, "Yauwa, ku yafi juna, Allah ya kai ku lafiya! Ukasha, ka riƙe masa jakarsa a hanya, ka ji? Ka ga yadda injin rake ya cinye masa hannu. Kai ne babba, kada ka bari wani ya taɓa min shi a can!"

Ta kafa masa ido tana jiran ya amsa da ƙarfi yadda za ta ji.